Neman Tuwo a Washington: Kwana Uku da Hajiya a Babban Birnin Amurka

Kular abincin da Hajiya ta riƙo ta fi jakar tufafinta nauyi. Da sassafen wata Laraba surukinta ya sauke mu a tashar jirgin ƙasa ta Greensboro, ya juya da hanzari don kada ya makara wurin aiki, ni kuwa na tsaya ina kallon kular nan ina dariya. Dambun zogale ne a ciki, da soyayyar kaza, da gora biyu ta fura. Na ce, “Hajiya, babban birnin Amurka fa za mu, ba ƙauye ba.” Ta gyara lulluɓinta ta ce, “Ɗiyata, baƙo makahon gari ne.” Kafin mu dawo ranar Asabar na daina dariyar.

Hajiya mutuniyar Maraɗi ce, mahaifiyar maƙwabciyata. Wankan jego ya kawo ta Amurka, sai wata takarda ta taso wadda dole mai ita ta je ofishin jakadancin Nijar da ke Washington da ƙafarta. ’Yarta na fama da jariri, mijin kuma ba a ba shi hutu ba. Ni ce ɗalibar da ke hutun tsakiyar zango, saboda haka rakiya ta faɗo kaina. Abu biyu aka ja mini kunne a kai. Na farko, Hajiya na da ciwon suga, ba a wasa da lokacin cin abincinta. Na biyu, ba ta cin naman da ba ta tabbatar da yankansa ba, ko da yunwa za ta kayar da ita. Na ce ba komai, ai ina da waya, wayar kuma tana da taswira da taurari.

A Greensboro ba mu cika neman gidan abinci ba, don kusan kowa tukunyarsa ta wadace shi. Garin na cikin wuraren da ’yan Nijar suka fi yawa a Amurka, Zabarmawa da Hausawa da sauransu, kuma da wuya a yi mako biyu ba a yi suna ko walima ba. Mai son kuɓewa ko doya ko man ja ya san hanyar Super G Mart a titin West Market, ya san shagunan ’yan Afirka, ya san mahautan da ke sayar da naman halal. Tarkon garin ma mun san shi. Nan jihar North Carolina in aka ce maka “barbecue” to naman alade ake nufi, da shi garin Lexington da ke kusa da mu ya yi suna. Ganyen da za ka gani kore shar ka ɗauka ka tsira, sau da yawa da ƙashin alade aka dafa shi, haka ma wake. Duk wannan a hankali muka koye shi, wani da tambaya, wani da kuskure. Har katin makin tsafta da doka ta tilasta wa kowane gidan abinci ya liƙa mun saba leƙawa: daga 90 zuwa sama shi ne A, wanda ya gaza 70 a rufe shi. Sai dai wannan duk sanin gari guda ne, ba ya bin mutum cikin jirgi.

Tsakanin Greensboro da Washington kusan kilomita 500 ne, tafiyar awa biyar a mota in hanya ta yi kyau. Jiragen ƙasa biyu na Amtrak ke zuwa kai tsaye: Crescent da ke bi ta Lynchburg da Charlottesville, da Carolinian da ke zagayawa ta Raleigh da Richmond, wanda ke cin kusan awa takwas. Shi muka hau. Kafin mu shiga Union Station da yamma, kaza ta ƙare, dambu ya yi rabi, gora ɗaya ta tafi.

Daren farko na so in burge Hajiya. Na buɗe waya na zaɓi wani gidan abinci kusa da masaukinmu, mai taurari huɗu da rabi da sharhin mutane fiye da yadda zan iya karantawa. Na yi dabara na ce a kawo mana kifi, tunda kifi ba ya bukatar yanka. An ajiye faranti, Hajiya ta sunsuna romon ta ce in tambaya mi aka sa. Yarinyar da ke hidima ta je kicin ta dawo da fara’arta ta ce man shanu ne da tafarnuwa da ’yar farar giya. Hajiya ta ture farantin a hankali, ta jawo burodi. Da aka kawo takardar kuɗi ta ce nawa, na ce dala hamsin da biyu. Ta ce, “A’a, ashe da araha.” A Maraɗi in an ce dala, sefa biyar ake nufi, dala hamsin da biyu ba ta wuce kuɗin ƙosai ba. Da na mayar mata da lissafin zuwa jika talatin da wani abu, ta dube ni ta ce, “Kuɗin buhun hatsi kika ba su a kan burodi?”

Lissafin nan ya kamata duk mai zuwa Washington ya san shi tun daga gida. Farashin da ke kan takardar jerin abinci ba shi za ka biya ba. Harajin abincin gidan abinci a birnin kashi 10 cikin 100 ne, alhali da ka tsallaka Maryland kashi 6 ne. Sai tukuicin mai hidima, wanda a al’adar nan ya kai kashi 18 zuwa 20. Abincin dala 20 ya zama 26 ke nan. Tun bayan ƙuri’ar da mutanen birnin suka kaɗa a Nuwamban 2022 ta ƙara albashin ma’aikatan da ke dogaro da tukuici, gidajen abinci da yawa sun shiga ƙara wani “kuɗin hidima” a ƙasan rasit. Ka karanta rasit ɗinka, ka tambaya ko wannan kuɗin ya ɗauke maka tukuici, don kada ka biya sau biyu.

Taurarin kuwa ba ƙarya suka yi ba. Kifin ya yi daɗi, na ɗanɗana kafin in ji zancen giya. Masu ba da taurarin ne tambayarsu ba tamu ba ce. Su suna auna kyawun wuri da saurin hidima da ko an gasa nama daidai. Mu muna tambayar wa ya yanka, da wane mai aka soya, me aka ɗiga a miya, kuma shin tsohuwa za ta tashi da ƙoshi.

Ranar Alhamis da hantsi muka gama da ofishin jakadanci, wanda ke titin R kusa da Dupont Circle, aka ce mu dawo gobe mu karɓa. Sai Hajiya ta ce in kai ta ta ga inda ake magana a rediyo. Marigayi mijinta ya yi shekaru yana kama Sashen Hausa na Muryar Amurka, wanda aka buɗe a 1979, ita kuma tana jin ana cewa “daga birnin Washington” ba ta taɓa zaton za ta taka garin ba. Muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ta zaro gorar furarta za ta kurɓa na riƙe hannunta, don an hana ci da sha a cikin jirgin da tashoshinsa. Muka tsaya gaban ginin a titin Independence, ta yi wa mijinta addu’a, muka gangara National Mall, dogon filin nan da ya miƙe kusan kilomita uku daga majalisar dokoki zuwa ginin tunawa da Lincoln, gidajen tarihi jere dama da hagu, shiga kyauta.

Nan ne baƙo ya fi yawa, nan ne kuma abinci ya fi tsada da rashin kirki. Motocin sayar da abinci sun yi layi a bakin titi, kowace da hotuna masu ɗaukar ido da kiɗa, wasu da kalmar “halal” rubuce da manyan baƙi. Da yawansu ba su rubuta farashi ba. Na sayi ruwa gora biyu a wata ban tambaya ba, abin da aka cire mini a kati ya isa in sayi katan guda a Greensboro. Daga ranar na riƙe ƙa’ida: motar da ba ta rubuta farashi ba, a tambaya kafin a miƙa kati.

Don mu huta da rana muka shiga gidan tarihin Amurka, National Museum of American History. Ina tafe ina neman wa Hajiya wurin zama sai na yi kiciɓis da garinmu. Wani yanki ne na kantar cin abinci da kujeru huɗu masu ƙafa ɗaya, an ciro su daga kantin Woolworth na titin Elm a Greensboro. Ranar 1 ga Fabrairun 1960 ɗalibai huɗu baƙaƙen fata na jami’ar North Carolina A&T, wato Ezell Blair Jr. da Franklin McCain da Joseph McNeil da David Richmond, suka zauna a kantar nan suka nemi kofi. Aka ƙi ba su, don wurin zaman na farare ne. Suka ƙi tashi har aka rufe kanti. Washegari suka dawo da wasu, abin ya bazu zuwa garuruwan kudu, kuma sai ranar 25 ga Yulin shekarar aka fara ba baƙaƙe abinci a kantar. Kwana tara bayan haka Nijar ta samu ’yancin kai. Ezell Blair daga baya ya musulunta ya koma Jibreel Khazan. Sauran kantar tana nan a Greensboro, a ginin da ya zama gidan tarihi a 2010, kuma kunya ta kama ni da na tuna sau nawa na wuce ta gabansa ban shiga ba.

Na fassara wa Hajiya, na ƙara mata da abin da na karanta game da namu mutanen. A Oktoban 1957 an hana ministan kuɗin Ghana, Komla Gbedemah, zama ya sha lemo a wani gidan abinci a Dover ta jihar Delaware, har sai da Shugaba Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo a fadar White House don a rufe kunya. A Yunin 1961 sabon jakadan Chadi, Adam Malick Sow, yana hanyarsa daga New York zuwa Washington don miƙa takardunsa ga Shugaba Kennedy, ya tsaya shan kofi a hanyar Route 40 a Maryland, aka kore shi. Sai dokar kare haƙƙin jama’a ta 1964 ta haramta wannan a faɗin ƙasar. Hajiya ta daɗe tana kallon kujerun. Ta ce, “Da kuɗinsu a hannu?” Na ce da kuɗinsu. Ta ce, “Ko maƙiyinka in ya zo da yunwa ai ka ba shi.” Ni abin da ya tsaya mini shi ne, shekara sittin da ’yan kai da suka wuce, mata biyu masu kamarmu ba zaɓen gidan abinci za su tsaya yi a wannan hanya ba, neman wanda zai bari su zauna za su yi.

Muna fitowa na ga hannunta na rawa. Ƙarfe biyu ta wuce, tun shayin safe ba ta ci komai ba, fura ta ƙare. Gabana ya faɗi. Ta lalubo dabino biyu a jaka, ni kuma na tsayar da tasi ban ma san inda zan ce ya kai mu ba. Direban dattijo ne Bahabashe. Ya dubi Hajiya ta madubi, ya tambaye ni ko Musulmai ne mu, na ce e. Na faɗa masa halin da muke ciki. Ya yi murmushi ya ce in ajiye wayar, shi zai kai mu.

A cikin minti goma sha biyar ya koya mini taswirar da wayata ba ta nuna mini ba. Ya ce tsakiyar birnin na ma’aikatan gwamnati ne da ’yan yawon buɗe ido, masu dafa abincin gaske ba nan suke kwana ba. Gaskiyarsa. Mutanen birnin Washington kansa ba su kai 700,000 ba a ƙidayar 2020, amma yankin gaba ɗaya, haɗe da unguwannin Maryland da Virginia da ke kewaye, ya haura miliyan shida. Kuɗin haya ya tura baƙin haure zuwa gefe, tukwanensu suka bi su. Habashawa sun cika Silver Spring, a jan layin jirgin ƙarƙashin ƙasa. ’Yan Najeriya da Ghana da Kamaru da Saliyo suna gundumar Prince George’s, a Hyattsville da Lanham da Bowie. ’Yan Afghanistan da Pakistan da Larabawa suna gefen Virginia, a Arlington da Falls Church. Ya ce in nama nake so da shinkafa cikin dare, in nemi Kabob Palace a Crystal City kusa da filin jirgin sama na Reagan, inda direbobi ke ci, ko Ravi Kabob a Arlington. Amma ga tsohuwa mai yunwa yanzu-yanzu, ya ce titi na 9 ya fi kusa.

Babu wani yanki a Amurka da Habashawa suka taru kamar na Washington. Da can ɗalibai ne da jami’an diflomasiyya. Bayan an tumɓuke Sarki Haile Selassie a 1974 sojoji suka karɓi mulki, sai masu gudun hijira suka biyo, dokar ’yan gudun hijira ta 1980 ta buɗe musu ƙofa, daga baya cacar biza ta ƙara wasu. Yau harshen Amharic na cikin harsunan da hukumomin birnin ke fassara takardunsu zuwa gare su. Gidajen abincinsu sun fara a unguwar Adams Morgan, suka gangaro titin U da titi na 9, inda akwai sanannu irin su Dukem da Chercher, da ƙanana da yawa. Wani ƙarami direban ya tsaya a ƙofarsa, ya leƙa ya yi wa mai wurin magana da yarensu, ya ce mana mu nemi “abincin azumi”.

Wannan ita ce dabarar da na fi so mai karatu ya riƙe. Kiristocin Orthodox na Habasha na azumi ranakun Laraba da Juma’a da wasu dogayen lokuta a shekara, kuma a azuminsu ba a cin nama, ba madara, ba man shanu, ba ƙwai. Saboda haka kusan kowane gidan abincinsu na da tiren da babu abin yanka a cikinsa ko kaɗan, kuma kullum ana samunsa. Alade ma ba sa ci. Ga Musulmin da ke shakkar nama a baƙon gari, ban san mafaka da ta fi wannan ba.

Aka kawo faffaɗan tire an shimfiɗa injera a kai, an jera miya kala-kala kamar an yi ado: jan adas da aka dafa da yajinsu berbere, shiro na garin wake mai kauri, ganye, kabeji da dankali. Ba cokali. Hajiya ta wanke hannu ta yago injera ta ɗanɗana, ta ce, “Wannan ai sinasir ne ya yi tsami.” Ba ta yi nisa da gaskiya ba. Ƙullu ne ake bari ya kwana ya tashi, a zuba a faffaɗan tanda, fuskarsa ta yi ido-ido. Bambancin shi ne hatsin: su da teff suke yi, ƙwaya mai ƙanƙanta kamar acca. A Amurka wasu na haɗa shi da alkama ko sha’ir, wanda ke son zallar teff sai ya faɗa. Muka ci tire ɗaya, hannu biyu, kamar a tsakar gida. Rawar hannun ta tsaya. Kuɗin bai kai rabin na jiya ba, har da saura aka ƙulle mana. Abu biyu kawai za a kiyaye: kitfo ɗanyen nama ne da aka niƙa, tej kuwa giyar zuma ce, kada launinta ya sa a ɗauka lemo ne.

Da muka fito muka bi ta titin U muka wuce Ben’s Chili Bowl, gidan abincin da duk littafin yawon buɗe ido zai tura ka. Ben Ali, haifaffen Trinidad, da matarsa Virginia suka buɗe shi a 1958. Bai rufe ba ko a tarzomar 1968 bayan kisan Martin Luther King, kuma Obama ya ci abinci a nan kwana goma kafin a rantsar da shi a Janairun 2009. Wuri ne mai daraja a tarihin baƙaƙen birnin. Sai dai kada sunan Ali ya sa ka saki jiki: tsiran da suka yi suna da shi, half-smoke, bisa al’ada haɗin naman sa ne da na alade. Suna da wasu zaɓuɓɓuka, sai ka tambaya. Haka na ce game da allon “halal” ma. Wani wurin kazarsa ce kawai halal, wani yankan inji ne, wani yankan hannu. Wasunmu na cin yankan Ahlul Kitabi, wasu ba sa ci, wannan fagen malamai ne ba nawa ba. Abin da na lura shi ne, wanda ke da gaskiya in ka tambaye shi inda yake sayen namansa, nan take zai faɗi sunan mahaucin.

Da yamma muka leƙa kasuwar kifi ta Maine Avenue a bakin ruwa, wadda ke ci tun 1805. Kifi da jatan lande da ƙaguwa a kan ƙanƙara, ka zaɓa a turara maka ko a soya. Hajiya ta amince da soyayyen kifi bayan ta sa na tambayi irin man. Ba nisa da nan akwai Dōgon, gidan abincin da shahararren mai girki Kwame Onwuachi ya buɗe a 2024, mai sunan ƙabilar Dogon ta Mali. Aljihun ɗaliba daga nesa ya gaishe shi.

Duk da haka, safiyar Juma’a Hajiya ta tashi ta ce cikinta tuwo yake nema. Na shiga waya na rubuta abincin Najeriya. Wurare suka fito da yawa, galibi a Maryland: sakwara da miyar agushi, dafa-duka, farfesu, amala. Da na rubuta tuwo da miyar kuka, shiru. Wannan abin ya daɗe yana ci mini rai. Kalmar suya tamu ce, yaji namu ne, kilishi namu ne, amma a Amurka mafi yawan masu sayar da suya ba mu ba ne, kuma wasu wuraren da ake sayar da ita rabinsu mashaya ce, ba inda za ka shiga da Hajiya ba. Ba na jin haushin ’yan uwanmu na kudu, su suka yi ƙoƙari suka kama shago suka biya haya. Haushin kanmu nake ji. Matanmu na girkin da zai tsayar da layi a kowane titi, amma ya tsaya a kular suna da biki.

Muka karɓi takarda, muka taka zuwa babban masallacin Islamic Center da ke titin Massachusetts, tafiyar ’yan mintoci daga ofishin jakadancin. An buɗe shi a 1957, Eisenhower da kansa ya halarci bikin, tutocin ƙasashen Musulmi jere a gabansa. Bayan an idar, ina neman takalmanmu, Hajiya ta yi abin da ni da Turancina da wayata ban yi tunaninsa ba. Ta tsaya a ƙofar sashen mata tana duban ɗaurin ɗankwali. Ta hango wata mai atamfa da lalle a hannu, ta matsa ta ce, “Sannu baiwar Allah, ina wuni?” Matar ta juyo da sauri kamar an kira sunanta. Bazazzagiya ce, ma’aikaciyar jinya, shekarunta goma sha a Maryland. Gaisuwa ta yi tsawo: gida, yara, jego, gajiyar hanya. Sai Hajiya ta ce, ba kunya ba kwana-kwana, “Ina ake samun tuwo a garin nan?” Matar ta yi dariya ta ce, “Hajiya, a gidana.”

Na so in yi kawaici irin na ’yan boko, in ce kada mu ɗora mata nauyi. Hajiya ta harare ni. Muka bi ta a mota zuwa Lanham, ta nuna mana masallacin Diyanet da Turkiyya ta gina aka buɗe a 2016, ta tsaya a wani shagon ’yan Afirka ta sayi abin da ya rage mata, ta nuna mini mahaucin da take saye wurinsa. A hanya ta zayyana mini wurare: inda ake gasa nama na halal ranar Asabar, matar da ke yin masa in an yi mata magana tun jajibiri, gidan abincin ’yan Senegal da shinkafarsu da kifi ba ta ba da kunya. Ba ko ɗaya da zan iya samu da kaina. Wasu ma ba su da allo, a rukunin WhatsApp na matan unguwa suke.

Tuwon shinkafa ta tuƙa, da miyar kuka da man shanu da yaji a gefe. Muka zauna a ƙasa kan darduma, yaranta na leƙowa suna gaida Hajiya da Hausar da ta sha Turanci. Hajiya ta ci ta yi gyatsa ta yi hamdala, ta sa wa gidan albarka tun daga kan maigida har autan. Na zaro kuɗi a ɓoye zan ba yara, matar ta kama hannuna ta ce, “Ƙanwata, kada ki ɓata mana zumunci.” Kafin mu fito ta karɓi kular nan da ta zo daga Greensboro, ta wanke, ta cika ta da malmala huɗu da miya a roba, ta rubuta lambarta a bayan wani rasit ta ce duk wanda zai zo daga wurinmu a ba shi.

Ranar Asabar a jirgin komawa, mun wuce Richmond Hajiya ta buɗe kula. A jakarta akwai ƙullin berbere da ta sa na saya mata a titi na 9, wai za ta gwada a miyar taushe in ta koma Maraɗi. Ta gutsuri tuwo ta tsoma, ta tauna a hankali tana kallon itatuwa ta taga. Ta ce, “Yarinyar nan ta iya tuƙi. Daddawarta ce dai ba ta kai tamu ba. In kin tashi kiranta ki ce zan aiko mata.”